Kwalaben Malama Mnena

Laraba, 25 ga Safar, bayan Azahar

Malama Mnena, ki yi haƙuri da na ɗora miki karatun tarin takardun nan a lokacin da kowa ke fama da kansa. Shekara huɗu kina haya a ɗakin da ke jikin zaurenmu, ban taɓa buga miki ƙofa kina aiki ba, yau ga shi na bi ki da damuwa har Makurɗi. Wannan littafin da nake rubuta wa kaina ne tun ranar da kika tafi. Da ajami yake, jiya da yau na juya miki shi zuwa boko, ban cire komai ba, har wuraren da na so cirewa. Sau uku na gwada rubuta wasiƙa, sai in tarar ina wanke kaina a ciki. Don Allah ki karanta har ƙarshe kafin ki ɗaure jaka. Ni ce, Jamilatu.

Talata, 3 ga Safar, bayan La'asar

Malama ta tafi da safe. Tun harin da aka kai a garin nan yayanta yake ta bugo waya, makarantar da take koyar da kimiyya kuma an rufe sai yadda hali ya yi. Jaka ɗaya ta ɗauka. Ta ce a shingayen hanya zazzage kayan mutum ake yi a kan kwalta, wa zai tsaya sauraren bayanin kwalabe da wayoyin wuta?

Kwalaben goma sha biyu ne, ƙanana kamar na turare, jere a kan katako ƙarƙashin tagarta, kowace da takarda manne da lamba. Ruwan cikinsu baƙi ne mai ɗan kore-kore, kamar tawadar da aka tsinka. Ta riƙe hannuwana biyu ta ce, "Mama Jamila, abu biyu kawai. Kada a girgiza su, kada a haɗa su. Ko sharar wurin kada ki yi, na san ki." Na ce insha Allahu. Ta ce, "Ba insha Allahun tela ba fa." Muka yi dariya, idonta kuwa jawur.

Bari in rubuta abin da na fahimta, don in san me nake gadi. Garin wani dutse ne baƙi mai santsi kamar bakin fensir. Ta ce kowace ƙwayarsa shafi ne a kan shafi, irin littafin da ruwa ya manne. Sai ta zuba shi a bilenda da ruwa da ɗigon sabulun wanke-wanke, ta yi ta markaɗe har shafukan su rabu, wasu su yi sirantar da sai an jera dubbai kafin su kai kaurin fatar albasa. Daga nan ta bar shi ya kwanta. Masu nauyi su sauka ƙasa, siraran su tsaya a sama, su take so. Takan ɗiga su a kan sandar gawayi, ta tsoma a ruwa, ta jona da batir, sai ruwan ya fara kumfa yana rabuwa zuwa iska iri biyu. Ɗaya tana ci da wuta ba hayaƙi. Na taɓa tambayarta, tunda batir ke ba da ƙarfin, mene ne aikin baƙin ruwan? Ta ce, "Kin san kanwa a wake? Ko ba ita zai dahu, amma itace nawa zai ci?" Wai yanzu wani ƙarfe da ya fi zinariya tsada ake sawa, ita na talaka take nema.

Kowace kwalba da nata mintunan markaɗe, da nata kwanakin kwanciya. Shekara biyu tana fakon ranar da aka kawo wuta kafin ta cika sha biyun nan. Garin ya ƙare, daga waje aka kawo mata shi. Ƙarshen watan Turawa Farfesanta na jami'a zai tafi da su ƙasar da ke da na'urar da ke iya ganin shafukan. Digirinta yana cikin kwalaben nan.

Ya Kaka, mahaifiyar marigayi mijina, da ta ji ƙarar ƙofa ta ce, "Manina ta tafi? To ruwa ya huta. Yana zaman lafiyarsa tun zamanin Annabi Nuhu, sai ita ta zo raba shi." Amma ba ta ci tuwon rana ba.

Alhamis, 5 ga Safar, hantsi

Na leƙa ta taga. Sha biyu. Mata uku kawai suka zo karatun allo wurina, cikin goma sha tara.

Asabar, 7 ga Safar, bayan Azahar

Jiya an shiga unguwar Bolewa gida-gida. An tafi da Mahdi mai gyaran waya, mijin Bilkisu ɗalibata. Batura aka gani a ɗakinsa da wayoyi da ƙarfen liƙi. Sana'arsa ce, duk garin nan an sani. Bilkisu ta zo da allonta, ba ta yi karatu ba, ta zauna a gindin darbejiya tana goge shi da gefen mayafi har aka kira salla.

Yaya Muhammadu Sani ya zo, ya ce in buɗe masa ɗakin Malama. Ya dubi kayan ɗakin ɗaya bayan ɗaya. Sai ya ce, "Jamilatu, kashe mu za ki yi? Batir, waya, baƙin ruwa a kwalba da lambobi? A Potiskum, a wannan watan?"

Na ce, "Yaya, karatu ne. Amana ce."

"Karatu ne a wurinki. Ki je ki gaya wa Bilkisu karatu ne. Gidan nan ba namiji, in an tashi neman namijinsa ƙofata za a buga, katanga ɗaya ce tsakaninmu."

Da hannunsa ya kwashe baturan da wayoyin ya jefa a masai. Na tare littafin lissafinta, na ce wannan takarda ce, zan sa shi cikin littattafaina. Ya nuna kwalaben ya ce, "Waɗannan kada rana ta fito ta same su. In kin kasa, ni zan iya." Bai taɓa yi mini tsawa ba tun muna yara. Yau ma bai yi ba. 

Lahadi, 8 ga Safar, bayan Asuba

Na yi abin da na yi. Ba su shiga masai ba, wannan dai zan iya faɗa.

Lahadi, bayan La'asar

Masu kaki sun zo da hantsi, su huɗu. Ba zan rubuta yadda aka yi da katifar Ya Kaka ba. Yaya da mazan layinmu suna zaune a rana a bakin titi har Azahar ta wuce.

A ɗakina ɗaya daga cikinsu ya ɗaga murfin babban kurtuna ya sunsuna. "Madam, wannan fa?" Na ce, "Tawada ce, ranka ya daɗe, mata nake koya wa karatu." Ya dubi allunan da ke jingine, ya mayar da murfin. A kan madubi akwai 'yan kwalabe sha biyu, wasu da kwalli, wasu da turare, wasu da man habbatus-sauda. Ko kallonsu bai yi ba.

Yaya ya dawo da ƙafarsa. Ya tsaya a zaure ya ce, "Allah ya yi miki albarka, kin ceci gida biyu." Na ce amin. Ban iya shan ruwa ba sai Magariba.

Talata, 10 ga Safar, walaha

Malama ta bugo. Ta isa lafiya, ta ce mahaifiyarta ta yanka mata kaza kamar wadda ta dawo daga yaƙi. Ta tambayi Ya Kaka, ta tambayi ciwon ƙafata. Sai ta ce, "Ya 'ya'yana sha biyu?"

Na ce, "Lafiya lau."

Shekara arba'in da takwas gare ni. Na san sunan abin da na faɗa.

Alhamis, 12 ga Safar, bayan Azahar

Gara in rubuta shi sarai, ko don in daina zagaye shi. Ranar Lahadi na wanke babban kurtuna sau uku, na shanya, na juye kwalaben duka a ciki. Na ɓare takardun, na wanke kwalaben na zuba musu wasu abubuwa. A makarantar allo haka muke yi, in tawada ta yi ƙasa kowa ya juye ragowar tasa a kurtu ɗaya, baƙi baƙi ne. Hannuna ne ya yi abin da ya saba. Ina da ƙananan kurtu biyar na ɗalibai, ga kwalaben magani a ɗakin Ya Kaka. Da na tsaya na ƙirga, da kowace ta sami gidanta. Ban tsaya ba.

Amma dai yana nan, ko ɗigo bai zube ba. Yau da na buɗe na tarar ya rabu, laka a ƙasa, tsinkakken ruwa a sama. A sanina, tawadar da ta yi haka mutuwa take shirin yi. Na ɗauko ƙaro mai kyau, farin nan da nake ɓoyo don rubutun sauka, na jiƙa na tace sau biyu, na zuba, na juya da kara har ya haɗe ya yi sheƙi. Na gwada a allo, ya kama tsaf. Yau ne karon farko da na ji sanyi a raina tun Asabar. Ko ba komai na raya mata shi.

Alhamis, bayan Magariba

A raka'a ta biyu ya zo mini. Masu nauyi su sauka ƙasa, siraran su tsaya a sama, su take so. Da hannuna na rubuta shi, shafi huɗu baya. Rabuwar ita ce aikin.

Na sake sallar. Ban san ko ta biyun ma ta yi ba.

Juma'a, 13 ga Safar

Ba karatu. Ban buɗe kurtu ba.

Lahadi, 15 ga Safar, bayan La'asar

Ta sake bugowa, muryarta kamar ta yarinya. Farfesa ya duba lissafin da ta aika masa tun kafin ta tafi, ya ce kwalba ta bakwai ta fi duk abin da ɗalibansa suka yi a ɗakin gwajin jami'a. "Mama, bilendar miya ta kayar da injinansu! Ta bakwai, wadda takardarta ta ɗan yage a gefe, kin gan ta?" Na ce na gan ta. Na kuwa gan ta, ita ce ta fi wuyar ɓarewa.

Ta ce za ta zo ranar Litinin ta ƙarshen watan nan, ta kwana ɗaya, ta tsotse ruwan saman kowace kwalba ta busar a kan 'yan faranti yadda za ta iya wucewa da su, ta juya. Na ce hanya ba kyau, satin nan ma an tare motoci. Ta ce, "Na ji. Mamana ma kuka take yi. Amma shekara biyu fa, Mama. Ko a bayan shanu ne zan zo." Na ce ta dai ƙara tunani. Ta ce, "Ke dai ki ajiye mini fura."

Maganar tana bakina. Na buɗe baki, sai na ji ina tambayarta ko ana ruwa a can.

Talata, 17 ga Safar, hantsi

Na gwada. Na ce wa kaina wataƙila ƙaro bai yi komai ba, ai daga itace yake, halal ne, ana ci. Na fasa tsofaffin baturan rediyo biyu na ciro gawayin tsakiyarsu kamar yadda na ga tana yi. Na ɗiga baƙin a kan ɗaya na bari ya bushe. Na tace ruwan toka a kofin gilashi, don ta taɓa cewa shi ma yana yi. Na cire baturan tocila, na kwance wayar tsohuwar fitila na jona. Na sa sakata a ƙofar gida, ni da na ga abin da batir ya jawo wa Mahdi.

Ya Kaka ta jawo tabarmarta kusa. "Af, ke ma kin shiga? Malamar allo ta koma boka."

"Ki yi shiru, Ya Kaka, ƙirgawa nake."

"Ƙirga me? Na Manina tafasa yake kamar an jefa gishirin Andurus. Naki kuwa kamar tsohuwa tana tsaki."

Gaskiya ta faɗa. Kumfa ɗaya, sai a jira, sai wata. Bayan ɗan lokaci baƙin ya saki gawayin ya narke a ruwan, yadda rubutu ke sakin allo in an wanke. Ƙaro ya yi aikinsa.

Ya Kaka ta daina dariya. Ta ce, "Kin gaya mata?" Na ce a'a. Ta ce, "Yarinyar da ta kwana uku a asibiti tana riƙe mini robar fitsari." Ta ja tabarmarta ta koma inuwa.

Laraba, 18 ga Safar, bayan Azahar

Na aika mata saƙon waya: kada ki zo, hanya. Ta amsa: Allah na nan. Da hoton dariya.

Gobe zan kira in faɗa. Gobe da safe.

Alhamis, 19 ga Safar, walaha

Na danna lambar, na kashe kafin ta shiga. Sau biyu.

Juma'a, 20 ga Safar, bayan sallar Juma'a

Babu sabis tun safe, duk layukan. Wasu sun ce ƙarfen sabis ɗin ne aka taɓa, wasu sun ce da gangan aka ɗauke. Na hau kan turmi a bayan gida ina ɗaga waya sama kamar mai roƙon ruwa. Kwana goma ina da hanyar magana ban yi ba.

Asabar, 21 ga Safar, bayan La'asar

Na je wurin Mallam Abu, wanda na yi sauka a hannun mahaifinsa. Na zauna daga bayan labulen zaure na ce, "Allah gafarta Mallam, wata ce aka ba ajiya, tsoro ya zo, ta taɓa ajiyar don kare rai, ajiyar ta lalace."

Ya ce, "Tsoron na gaske ne, ko na zato?"

"Na gaske ne."

"To rai yana gaba da dukiya. Babu laifi a kanta, ta sanar da mai abu, shi ke nan." Ya ƙara da cewa, "Jamilatu, wannan watan mata bakwai sun zo mini da labarin wata. Ki gaida mini da watar, ki ce ta ci abinci."

Na fito da fatawa mai kyau a hannu, amma ba tawa ba ce. Ranar Lahadi kaɗai na ba shi. Ban ba shi ranar Alhamis ba, ranar da ba mai kaki a ƙofa, ba Yaya a kaina, sai ni da yaƙinin cewa na san baƙin ruwa fiye da mai shi. Ban ba shi "lafiya lau" ba.

Lahadi, 22 ga Safar

Ba sabis. Ba labarin Mahdi. Bilkisu ta dawo karatu, ta ce zama a ɗaki ya fi wuya.

Litinin, 23 ga Safar, hantsi

Saura kwana bakwai. Direbobin tasha sun ce jiya ma motar Bauchi ta juyo daga hanya, ba wanda ya faɗi dalili, ni ma ban tambaya ba. Duk inda na juya sai in gan ta a kujerar gefen taga, jaka a cinya, tana ƙirga shingaye, tana tahowa wurin kurtun tawada.

Na je wurin Yaya na faɗa masa duka. Ya ce, "Da kin jefa a masai da tuni kin faɗa mata an wuce wurin. Son gyaranki ne ya ɗaure ki." Ya sa hula ya fita. Da ya dawo ya ce Bubayaro, direban tirelar shanu, zai yi lodi bayan kasuwar Laraba, Alhamis da asuba ya kama hanyar kudu ta Makurɗi. Ya san gadar Makurɗi, ya san cocin da ke kusa da gidansu.

Laraba, 25 ga Safar, bayan La'asar

Malama, nan littafin ya tsaya, sauran da ke nake.

Bubayaro ya zo da kansa. Ya ɗaga kurtun ya ce, "Hajiya, har arn... har Kiristoci ma rubutu ake aika musu yanzu?" Ya ji kunya, na ce ya dai riƙe shi a tsaye. Na toshe bakin da kakin zuma. Ban san ko akwai abin da za a iya cirowa a ciki ba, ke kika sani. Littafin lissafinki yana cikin ɗaurin, ko shafi ɗaya bai taɓu ba. Ya Kaka ta sa miki kuka da kuɓewa busasshiya, ta ce in rubuta cewa ba ruwanta da ni.

Na haɗa su, na girgiza su, na zuba musu ƙaro, na kuma yi miki ƙarya sau biyu da bakina. Babu ta bakwai. Ba na neman ki yafe yanzu, wannan naki ne, ki riƙe shi iya yadda kike so.

Kada ki taso ranar Litinin. Babu abin da za ki zo ɗauka. In kin riga kin gaya wa Farfesa suna nan, ki nuna masa takardun nan, ya san daga inda ɓarnar ta fito.

Bubayaro zai sauke shanu ya biyo ta wurinku ranar Asabar, ya ce zai tsaya a bakin gada har Azahar. Ki ba shi ko layi ɗaya ne. Kada ki rubuta mini "ba komai", na san halinki, kuma na san akwai komai. Ki rubuta cewa kin karanta, kuma ba za ki hau mota ba. Don Allah ki amsa da wuri.